Ɗigo Ɗaya Tak: Kuskuren Ƙirga da Ke Lalata Sauti a Manhaja

Kwamfutar da ke aikin sauti a situdiyo tana miƙa wa lasifika lambobi 48,000 a kowane sakan. Ba ɗaya bayan ɗaya take miƙa su ba, ƙunshi-ƙunshi take yi, galibi 256 a kowane ƙunshi. A ce wanda ya rubuta manhajar ya yi tuntuɓe a layi guda, ya cika gurbi 255 ya bar na ƙarshe babu komai. A lissafi, ɗaya cikin 256 bai kai ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. A kunne kuwa ɓarna ce babba, domin gurbin nan da aka tsallake yana dawowa a ƙarshen kowane ƙunshi, sau 187.5 a sakan, kuma duk abin da ya maimaitu da wannan sauri kunne ba ya jin sa a matsayin ƙas-ƙas masu tazara. Zuzu yake ji, mai amo guda, manne da muryar mawaƙi. Mawaƙi ya yi shiru, zuzun ya ɗauke. Ya buɗe baki, ya dawo.

Injiniyan da bai saba ba zai zargi waya, ya canza makirfo, ya kashe janareta ya kunna. Wanda ya saba kuwa saitin manhaja zai shiga, ya mayar da ƙunshin 512. Idan amon zuzun ya sauko zuwa rabi, wato sau 93.75, sannan ya haura zuwa 375 da aka mayar da ƙunshin 128, magana ta ƙare. Laifin ba na waya ba ne. Yana bakin iyakar ƙunshi, a inda wani ya ƙirga ya rage ɗaya ko ya ƙara ɗaya.

Wannan kuskure tsoho ne a sana'ar rubuta manhaja, kuma har lamba gare shi a kundin raunin manhajoji da cibiyar MITRE ta Amurka ke kula da shi: CWE-193. A yawancin manhajoji yakan ɓuya shekara da shekaru ba wanda ya lura. A sauti ba ya iya ɓuya, sai dai jin sa ya fi kama shi sauƙi nesa ba kusa ba.

Dalilin wahalar yana cikin yadda aikin ke gudana. Makirfo na mayar da motsin iska zuwa wutar lantarki mai hawa da sauka, na'ura kuma tana auna tsayin wutar a kai a kai ta rubuta shi da lamba. Kowane awo ɗigo ne. Faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 yana ɗauke da ɗigo 44,100 a sakan ga kowane kunne. Aikin fim da bidiyo ya fi amfani da 48,000. Tsohuwar wayar tarho 8,000 ta wadatu da shi. Lokacin fitarwa, katin sauti yana kiran manhaja ya ce ta cika masa ƙunshi na gaba, kuma da ɗigo 256 wa'adin bai wuce milisakan biyar da ɗoriya ba. Idan ta makara, lasifika ba ta jira. Shi ya sa hanyar da ake bi a kama kuskure a sauran manhajoji, wato a tsayar da aiki cak a duba lambobi a natse, ba ta da amfani sosai a nan. Da ka tsayar, ka rushe abin da kake son dubawa. Ko rubuta saƙo a allo daga cikin wannan kira na iya jawo makara, ya haifar da sabuwar ƙara ta rufe wadda ake nema.

Ina ake farawa, ina ake tsayawa

Wanda zai yi shinge mai tsawon taku goma, yana kafa sanda a kowane taku, sanda goma sha ɗaya yake bukata, ba goma ba. Asalin matsalar ke nan: sanduna ake ƙirgawa ko tazarar da ke tsakaninsu? Sauti cike yake da wannan tambaya. Tsakanin ɗigo na farko da na ɗari akwai tazara 99. Idan aka bi da sauti mai ɗigo N ta matata mai ɗigo M, abin da zai fito tsawonsa N da M ne a cire ɗaya. Idan aka tsaga ƙunshi mai ɗigo 1,024 zuwa amo-amon da ke cikinsa, rukuni 513 ake samu, ba 512 ba, domin akwai na sifili a ƙasa da na ƙololuwa a sama. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wuri ne da hannu ke zamewa.

A ranar 11 ga Agustan 1982, Edsger Dijkstra, masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan, ya rubuta wata gajeriyar takarda da hannunsa, mai lamba EWD831, kan dalilin da ya sa ya kamata a fara ƙirga daga sifili. Ya jera hanyoyi huɗu na faɗin iyakar jerin lambobi, ya zaɓi guda: a haɗa da lambar farko, a bar ta ƙarshe a waje. Hujjarsa ta aiki ce zalla. Idan ka debe iyakar ƙasa daga ta sama, tsawon jerin ya fito ba tare da ƙarin ɗaya ba. Idan jeri biyu suna maƙwabtaka, inda wannan ya ƙare nan wancan ya fara, babu gurbin da aka taka sau biyu, babu wanda aka tsallake. Ya kuma kawo shaidar masu aiki da yaren Mesa a cibiyar Xerox PARC, wanda ya ba da damar amfani da duka hanyoyin huɗu, inda gogewa ta nuna musu cewa sauran ukun kuskure suke yawan jawowa. Ban san wani fanni da hujjar nan ta fi dacewa da shi kamar sauti ba, tunda aikin gaba ɗaya jera ƙunshi ne kusa da ƙunshi.

Yaren C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs a farkon shekarun 1970, shi da ƙanensa C++ su ne har yau ke ɗauke da mafi yawan manhajojin sauti. A cikinsu gurbin farko sifili ne, kuma zagayen da kowa ya sani shi ne `for (i = 0; i < n; i++)`. Ƙara alamar daidai guda, ya zama `i <= n`, ka rubuta a gurbin da ba naka ba. C ba zai hana ka ba, ba zai ma gaya maka ba. Abin da ke zaune a wannan gurbi na iya zama ɗigon farko na ɗaya kunnen, na iya zama saitin ƙarfin murya, na iya zama wuri fanko da ba zai nuna komai ba sai ranar da aka sauya kwamfuta. Ga kuma wata hanyar shigowar kuskuren: masu binciken sauti da yawa a yaren MATLAB suke gwada lissafinsu, shi kuwa daga ɗaya yake fara ƙirga, kamar Fortran. Duk wanda ya kwashe matata daga can zuwa C sai ya sauya kowace lamba ta gurbi da hannu, kuma guda ɗaya da ya manta ta isa.

Salon zagaye da abin da yake ɓoyewa

Masu rubuta manhajar sauti suna da salon zagaye da suka gada daga zamanin da kwamfuta ba ta da ƙarfi, lokacin da kowane umarni guda yake da tsada. Kamfanin Steinberg na Hamburg a Jamus ya fito da tsarin VST a 1996, wanda ya ba kowa damar rubuta ƙaramar manhaja ta shiga cikin babbar manhajar situdiyo. Misalin da ya zo cikin kayan koyonsa yana ƙirgawa ne daga sama zuwa ƙasa, da siffar `while (--n >= 0)`, kuma mutane ba adadi sun kwafe shi yadda yake. Layin daidai ne, amma da sharaɗin da ba a rubuta a jikinsa ba: dole `n` ta kasance irin lambar da ke iya sauka ƙasa da sifili. Wani ya zo daga baya yana gyara, ya mayar da ita irin da ba ta sauka ƙasa da sifili, yana ganin ai tsawon ƙunshi ba ya zama ƙasa da babu. Daga ranar sharaɗin tsayawa ba zai taɓa cika ba. Lambar na isa sifili sai ta kewayo ta koma 4,294,967,295, zagayen ya ci gaba da rubutu cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta har manhajar ta faɗi, da aikin mutum a ciki.

Akwai ɗan'uwansa da ke yin aiki tukuna kafin ya duba sharaɗi. Shi kuma lafiya lau yake sai ranar da aka miƙo masa ƙunshi mai ɗigo sifili. Wannan ba tatsuniya ba ce: tsarin VST3 ya yarda babbar manhaja ta yi kira da ƙunshi fanko don kawai ta isar da sauyin saiti.

Misalin da ya fi ba ni tsoro shi ne na sauri. Tun 1999 na'urorin Intel ke iya sarrafa lambobi huɗu a bugu ɗaya, na baya-bayan nan takwas ko fiye. Don haka ake rubuta zagaye mai tafiya huɗu-huɗu, sannan a biyo da ƙaramin zagaye na share ragowar. Mai rubutu yana gwaji da 256 da 512, duka suna rabuwa da huɗu ba saura, ƙaramin zagayen bai taɓa motsawa ba, ko ma an manta da shi ɗungum. Sai manhajar ta isa hannun wanda tsarinsa ke aiki da ƙunshi na milisakan goma, kamar yadda manhajojin kiran murya ta intanet da yawa ke yi. A kan 48,000 wannan ɗigo 480 ne, yana rabuwa da huɗu da takwas lafiya. A kan 44,100 kuwa 441 ne: huɗu sau 110, saura ɗaya, takwas sau 55, saura ɗaya. Mutumin zai riƙa jin zuzu sau ɗari a sakan, ya kai ƙara, mai manhaja ya kunna tasa ya ji tsaf. Dukansu gaskiya suke faɗa. An kuma san FL Studio, wanda matasa masu haɗa kiɗa ke yawan amfani da shi, da aika ƙunshi masu tsawo mabambanta, don haka duk wanda ya ɗauka tsawon ba ya canzawa a can asirinsa ke fara tonuwa.

Ra'ayina a nan ba shi da kwana. Manhajar da ke fassara rubutun C zuwa yaren na'ura ta yi nisa ƙwarai, kuma zagaye mai sauƙi daga sifili zuwa ƙasa da `n` ta fi iya hanzarta shi da kanta. Salon ƙirga ta baya da tura manuni da hannu ya yi amfaninsa a zamaninsa. Yau abin da ya rage masa shi ne ɓoye iyaka daga idon mai karatu, alhali iyakar ce wurin da ya kamata ido ya fi sauka.

Gurbin gadi

A 1957 Max Mathews na Bell Labs ya rubuta MUSIC, ya sa kwamfutar IBM 704 ta fitar da kiɗa na sakan 17. Daga jerin manhajojinsa aka gaji dabarar da har yau ke cikin kusan kowace fiyano ta lantarki: maimakon a lissafa igiyar sauti kowane lokaci, a zana zagayenta guda a tebur, a riƙa karantawa ana komawa farko. Karatu da sauri ya ba da siririn amo, a hankali ya ba da kauri.

Matsalar ita ce matakin karatun ba kasafai yake faɗawa daidai kan gurbi ba. Tebur mai gurbi 1,024 yana da lambobi daga 0 zuwa 1,023. Idan karatu ya faɗa a 17.4, sai a ɗauki gurbi na 17 da na 18 a auna tsakaninsu. To idan ya faɗa a 1,023.4 fa? Ana bukatar gurbi na 1,024, wanda babu shi. Manhaja za ta karanto duk abin da ta tarar a bayan teburin ta cusa shi cikin sauti. Idan an yi sa'a sifili ne a wurin, igiyar kuma dama kusa da sifili take ƙarewa, ba wanda zai ji komai. Ranar da aka sauya siffar igiyar, ko wani abu ya zauna a wurin, sai ƙaiƙayi ya bayyana a cikin amon.

Maganin da aka daɗe da samu shi ne a ƙara gurbi ɗaya a ƙarshe a kwafa na farko a ciki. Yaren kiɗa na Csound, wanda Barry Vercoe ya rubuta a jami'ar MIT a tsakiyar shekarun 1980, yana ware wannan gurbin gadi ga kowane tebur. Har ya bambance iri biyu: ka nemi tebur mai 1,024, gadin kwafin gurbin farko ne, don igiyar da za ta yi ta kewayawa, ka nemi 1,025, gadin ci gaban zanen ne, don abin da za a karanta sau ɗaya a wuce. Pure Data na Miller Puckette kuma yana auna tsakanin ɗigo huɗu, don haka gadi uku yake so, ɗaya a gaba biyu a baya, shi ya sa ake ganin tebur mai 515 a cikinsa. Ina ganin hikimar waɗannan mutane a nan take. Ba su dogara da cewa mai rubutu zai tuna da iyaka kowane lokaci ba, sun gina ta cikin siffar teburin.

Cika teburin ma yana da nasa tarkon. Wanda ya raba zagayen da 1,023 maimakon 1,024 ya sa gurbin ƙarshe ya zama daidai da na farko, sai ɗigo guda ya fito sau biyu a kowane kewayo. Amon zai fito, amma da ɗan datti.

Akwai wani ɗaya da ya ɓata tun daga tushe. Ɗigo mai bit 16 yana da matakai 65,536, sifili ya cinye guda, don haka ƙasa tana kaiwa −32,768 amma sama a 32,767 ta tsaya. Cikin manhaja ana riƙe sauti tsakanin −1 da 1. Wanda ya ninka 1 cif da 32,768 ya samu lambar da ba ta da mazauni, kuma sau da yawa sai ta kifa ta koma can ƙasa, lasifika ta yi tsalle daga ƙololuwa zuwa ƙasan ƙasa cikin ɗigo guda. Ƙara ce mai kaifi, kuma a wurin da waƙa ta fi ƙarfi kaɗai take fitowa. Sanannen kundin libsndfile na Erik de Castro Lopo yana raba wa 32,768 wajen karantawa, ya ninka da 32,767 wajen rubutawa, ya gwammace wasu lambobi su ɗan gusa da a yi wannan kifawa.

Idan ɓangare biyu ba su yi yarjejeniya ba

Wani lokaci kowa ya rubuta nasa daidai, a mahaɗa ne ake samun saɓani. Don fiyano ta riƙe amon sarewa muddin yatsa na kan maɓalli, ana ɗaukar ɗan yanki na sautin a yi ta maimaita shi, kuma fayil yana ɗauke da inda maimaicin ya fara da inda ya ƙare. A fayil ɗin WAV, wanda Microsoft da IBM suka fitar a 1991, lambar ƙarshe tana nufin ɗigo na ƙarshe da za a kunna. A SoundFont na E-mu da Creative kuwa tana nufin ɗigon farko da ke bayan maimaicin, wanda ba a kunnawa. Mai juya fayil daga wannan zuwa wancan da bai ƙara ko ya rage ɗaya ba ya canza tsawon maimaicin. Idan yankin dogo ne, ɗan ƙas za a ji a kowane kewayo. Idan gajere ne, amon kansa ke gocewa: maimaici mai ɗigo 100 a kan 44,100 yana kewayawa sau 441 a sakan, mai 101 kuwa bai kai 437 ba. Bambancin ya kai kusan kashi ɗaya cikin shida na tazarar maɓallai biyu maƙwabta. Haɗa shi da wani kayan kiɗa mai amo daidai, za ka ji su suna rawa da juna fiye da sau huɗu a sakan.

Duk wanda ya taɓa haɗa fiyanon Yamaha da kwamfuta a situdiyon Kano ko Kaduna ya ci karo da irin wannan ko bai san sunansa ba. Tsarin MIDI na 1983, wanda Dave Smith da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland suka jagoranta, yana da tashoshi 16. A allon fiyano daga 1 zuwa 16 ake rubuta su, a cikin waya daga 0 zuwa 15 suke tafiya. Ƙa'idar General MIDI ta 1991 ta ware tasha ta 10 ga ganguna, wadda a rubutun manhaja 9 ce. Wanda ya rubuta 10 ya aika kiɗan ganga tasha ta 11, sai a ji fiyano na buga abin da ganga ya kamata ta buga. Haka lambobin muryoyi: wata na'ura 1 zuwa 128, wata 0 zuwa 127, ka zaɓi murya ka samu maƙwabciyarta.

Ma'ajin da ke kewayawa, wanda ke karɓar sauti daga wani sashen manhaja ya miƙa wa wani, shi ma haka. Idan manunin rubutu da na karatu suka haɗu a wuri guda, cike yake ko fanko? Tsarin sauti na JACK ya zaɓi barin gurbi ɗaya ba a taɓawa har abada. Kundin PortAudio na Ross Bencina da Phil Burk ya bar manunan su ƙirga har ninki biyu na girman ma'ajin don a bambance. Kowanne yana aiki; wanda ya ɗauki lissafin wannan ya kai wa wancan ne ke shan wahala.

Farauta

Waƙa ba ta da amfani wajen gwaji, domin tana rufe laifi. Ƙwararru abu mafi sauƙi suke turawa. Na farko shi ne ɗigo guda mai ƙarfi a tsakiyar shiru: a sa 1 a gurbin sifili, sauran duk sifili, a duba inda ya fito. Manhajar jinkiri da aka ce ta jinkirta ɗigo 100, idan ya fito a gurbi na 99 ko na 101, an gani da ido. Sai a matsar da shi zuwa gurbin ƙarshe na ƙunshi, a sake matsar da shi zuwa farkon na gaba. Na biyu shi ne tsani: a cika ƙunshi da 0, 1, 2, 3 har sama. Duk lambar da ta ɓace ko ta fito sau biyu, ita ce adireshin kuskuren. A buɗe sakamakon a manhajar Audacity, a faɗaɗa har ɗigo su rabu ɗaya-ɗaya, a auna tazarar da ke tsakanin tabo da tabo. Idan 256 ce ko 441, an san mai laifi.

Na uku shi ne kifa sauti a kan kansa. A ɗauki na asali da wanda ya bi ta manhaja, a juya ɗaya, a haɗa. Idan daidai suke, shiru za a ji. Idan ɗaya ya gusa da ɗigo guda, kaurin zai mutu, siririn sama ya rage yana shiii. Wannan gwaji ne ke kama ƙaramar manhajar da ta faɗa wa babba jinkirinta da kuskuren ɗaya, abin da a haɗin waƙa ba ya ƙara ko kaɗan, sai dai murya ta dushe a rasa dalili.

Ga wanda ke taɓa gurbin da ba nasa ba, akwai manhajojin bincike, Valgrind na Julian Seward, da AddressSanitizer da injiniyoyin Google suka gabatar a 2012, wanda ke kewaye kowane ma'aji da yankin haramci ya tsayar da manhaja a daidai layin da ta taka shi. Dukansu suna rage gudu, Valgrind sosai, don haka ake cire lissafin sautin daga katin sauti a gudanar da shi a kan fayil, inda babu wa'adi. Wannan ya wuce maganar daɗin kunne, domin manhajar da ke buɗe fayil ɗin sauti daga baƙo, ta kuma yarda da lambar tsawon da ke jikinsa ba bincike, ƙofa ce ga mai mugun nufi.

A can, nesa da wa'adi, ake yin gwajin da na fi amincewa da shi. A ɗauki sauti guda a bi da shi ta manhajar a dunƙule, a ajiye sakamakon. A sake bi da shi ɗigo ɗaya-ɗaya. A sake da bakwai-bakwai, da 441, da 256, da tsawo na kan-mai-uwa-da-wabi wanda ke canzawa a kowane kira, a riƙa jefa ƙunshi fanko a tsakani. Sannan a sa kwamfuta ta kwatanta sakamakon gurbi da gurbi, ta faɗi lambar gurbin farko da suka saɓa. Idan ta ce 440, sai a koma a duba ƙaramin zagayen share ragowa.